Amurka: Yaƙin neman zaɓe ya bar dandali, ya koma cikin salula

A shekarar 1984, Ronald Reagan ya lashe jihohi 49 cikin 50 na Amurka. A yau babu ɗan takarar da ke ko mafarkin haka. Tun kafin a kaɗa gangar siyasa an san California ta jam'iyyar Democrat ce, Oklahoma kuma ta Republican. Ƙasar ta dare gida biyu, kuma wannan rabuwa ta sauya salon neman ƙuri'a.

Ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba a can ba. Wakilai 538 ne, wanda ya samu 270 ya ci, kuma a kusan kowace jiha wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilanta duka. Shi ya sa a zaɓen 5 ga Nuwamba 2024 kokawar ta taru a jihohi bakwai: Pennsylvania, Michigan, Wisconsin, Georgia, Arizona, Nevada da North Carolina. Can Donald Trump da Kamala Harris suka yi ta safa da marwa, can aka zuba kuɗin talla. Ƴan Nijar mazauna Greensboro, a North Carolina, a ƙofar gidansu aka yi wasan.

Da yake janyo ɗan wancan ɓangare ya yi wuya, sai hankali ya koma kan wanda bai saba fita ranar zaɓe ba, musamman matasa. Irin wannan matashi ba ya sauraren labarun talabijin, yana cikin wayarsa. Trump, wanda ya nemi haramta TikTok a 2020, da kansa ya buɗe shafi a can a watan Yunin 2024. A Oktoba ya zauna da Joe Rogan, mai shirin hira a intanet, suka kwashe kusan awa uku, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Harris ita ma ta shiga shirin Call Her Daddy, mai farin jini wajen ƴan mata. Amfanin irin wannan zama ga ɗan siyasa a fili yake: hira ce ta sakin jiki, ba kasafai ake tsare shi da tambaya ba.

Muhawara kuwa ta ja baya. Hukumar da ke shirya ta tun 1988 an ajiye ta gefe, kuma sau ɗaya tak Trump da Harris suka yi gaba da gaba, ranar 10 ga Satumba a Philadelphia.

Sai maganar kuɗi. Harris ta tara sama da dala biliyan 1 cikin ƙasa da wata uku. Elon Musk, mai dandalin X, ya kashe fiye da dala miliyan 250 don mara wa Trump baya, har da kyautar dala miliyan 1 kullum ga masu rajistar zaɓe a waɗannan jihohi da suka sa hannu kan takardarsa. An kai ƙara, alƙali ya bari aka ci gaba.

Dandalin ma da ya rage ya sauya kama. Ranar 13 ga Yuli, a garin Butler, harsashi ya shafi kunnen Trump, wani ɗan kallo ya rasa ransa. Daga baya, in zai yi jawabi a fili, sai an kafa masa gilashin da harsashi ba ya hudawa.

Trump ya kwashe jihohin bakwai duka, ya samu wakilai 312, Harris 226. A ƙuri'un ƙasa baki ɗaya kuwa, tazarar ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba.