Wa Ya Dasa Itatuwan Maraɗi da Damagaram?

A farkon shekarun 2000, Gray Tappan, wani Ba'amurke masanin taswira, ya jera hotunan kudancin Nijar da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Kowa ya ɗauka hamada za a gani ta ƙara cinye ƙasa, tunda fari ya yi ɓarna a shekarun 1970 da kuma 1984, jama'a sun ninku, ana ta saran itacen girki. Sai ga gonakin da a dā suke fayau sun cika da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Itatuwa ne. Da shi da abokin bincikensa Chris Reij da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka bi sawu, ƙiyasin ya kai hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. To, wa ya dasa su?

Da fari an ce ruwan sama ne, don damina ta ɗan gyaru bayan shekarun fari. Amma hotunan kan iyaka sun rushe wannan zance: ɓangaren Nijar ya fi na Najeriya yawan itatuwa a gona, alhali hadari ɗaya ke zubar musu da ruwa. Hadari bai san shingen kwastan ba.

Sai hankali ya koma kan ayyukan dashe. An kashe kuɗi mai yawa wajen rainon tsirrai a leda, amma akasarinsu ba su kai bazara ta biyu ba: akuya ta ci, gara ta ci, rairayi ya binne saura. Kuma duk wanda ya taka ƙafa cikin gonakin Aguie ko Matamaye zai lura da abin da hoto ba ya nunawa. Itatuwan ba a jere suke ba. Ba darbejiya ba ce ko turare irin na gandun gwamnati. Gawo ne, da kalgo, da sabara, da magarya, kowanne a inda ya ga dama. Wannan ba aikin mai igiyar awo ba ne.

Bakin zaren yana ƙarƙashin ƙasa. A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, wanda dashe ya sha ba shi kunya, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa. Ya dubi wani ɗan tsiro da ake ɗauka ciyawar banza ce, ya gane ganyen: toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni, saiwarsa na nan da rai, ta yi nisa cikin ƙasa. Irin waɗannan kututture sun cika gonaki. Duk shekara suna tohowa, duk shekara manomi na sare su lokacin sharar gona.

Dabarar ba ta wuce wuƙa ko lauje ba. Ka zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka gyara na ƙasa-ƙasa, ka ɗaura ƙyalle don mai kiwo ya san da mai shi. Saiwar da ta riga ta kai ga danshi ita za ta yi aikin. Manoma suka sa mata suna sassaben zamani.

Saura tambaya guda: in abin da sauƙi haka, me ya hana a yi tun dā? Doka ce. A dā itace na gwamnati ne, malamin daji na iya cin ka tara a kan reshen da ya tsiro a gonarka, don haka gara ka kawar da shi tun yana ƙarami. Ga kuma koyarwar da ta ce gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Da riƙon ya sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai maƙwabci ya riƙa koyo wurin maƙwabci. Gawo kuwa ya biya su da kansa: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Wannan labari nake so ya shiga ajin kowane ɗalibin aikin gona da gandun daji, daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi har kwalejojin Katsina da Jigawa. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana buƙatar ma'aikata, kuma ina ganin rainon tsirrai a leda kaɗai ba zai ishe su ba. Ana neman matashin da zai bambance tohon gawo da na kalgo, ya karanta hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta, ya san dokar mallakar itace, ya kuma iya zama da mai gari da ardo a sasanta kan burtali. Rabin wannan karatu a gona yake, don haka a tura ɗalibai su yi sharar gona guda tare da manoman ƙauyen Ɗan Saga masu wannan sassabe kafin a ba su takardar shaida.