JIRGIN KANO ZUWA MARAƊI: A TUNA DA MASU GOYO

Ran 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, watau wajen mil 176. Za ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya soma tsayawa a Kazaure, mutanen Roni da Gwiwa da Babura za su cika tasha, kuma da yawa daga cikinsu mata ne masu goyo.

To, in jariri ya ɓata jikinsa a cikin tarago, ina uwarsa za ta wanke masa ta sake masa ƙunzugu? A mota tana iya roƙon direba ya tsaya gefen hanya, amma jirgi ba ya tsayawa sai a tasha. Ba ta da zaɓi sai ta kwantar da shi kan kujera a gaban jama'a, ko kuwa a jiƙaƙƙen daɓen makewayi, jirgi yana ta girgiza. Na farko abin kunya ne gare ta, na biyu haɗari ne ga yaron. Bugu da ƙari, kashin jariri ma yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa, hannun da ba a wanke ba kuwa shi ke kai su cikin guzurin matafiya.

A Amurka sai da doka ta shiga maganar. A 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta ajiye teburin sake ƙunzugu a makewayin gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga, na mata da na maza duka. A 2025 kuma Majalisar Wakilansu ta amince da shirin doka na 'yar majalisa Lauren Underwood, wanda ya ce kamfanin jiragen ƙasa na Amtrak ya sa irin wannan tebur cikin sababbin taragun da zai saya. Ku lura, sababbi aka ce, gama sa shi tun wajen ƙira ya fi araha nesa da ɓamɓare bango daga baya.

Mu ma muna da abin koyi. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu cikin Janairu, 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a saboda su. Ashe kuwa ana iya yi wa masu goyo irin wannan tanadi. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: katako mai naɗewa a jikin bango, da ɗamarar riƙe yaro, da famfo da sabulu da buta, da kwandon shara mai murfi.

Malamai da ma'aikata, ku ne masu alƙalami. Ku rubuta wa wakilanku na Majalisar Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya tun jirgin bai soma kai da kawowa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.