Kalmar heart cikin salon maganar Ingilishi: inda ta saɓa da cœur da zuciya

Ɗalibinmu yakan iske Ingilishi ne bayan Faransanci, shi ya sa in ya ci karo da heart sai ya mai da ita cœur, sa'an nan zuciya. A wannan takarda za mu nuna cewa kalmomin uku ba su ɗauke da kaya iri ɗaya.

Mu fara da rashin lafiya, inda kuskure ya fi tsada. Heartache baƙin ciki ne, na rabuwa ko na rashi, babu ruwan likita. Heartburn kuwa ƙwannafi ne, wato zafin da ke tasowa daga tumbi zuwa maƙogwaro. Bafaranshe na ce masa brûlures d'estomac. Heart attack kaɗai ce ta shafi tsokar da ke bugawa a ƙirji. Shi kuma avoir mal au cœur tashin zuciya ne, a nan Hausa da Faransanci sun yi daidai, Ingilishi ya ware da to feel sick. Wannan ruɗani tsoho ne: kalmar Girkanci kardia tana nufin zuciya, tana kuma nufin bakin tumbi, har yau cardia likitoci ke kiran wurin. Tafintan da ya fassara heartburn da ciwon zuciya ya tayar da hankalin majinyaci a banza, balle ma ciwon zuciya a Hausa harshen damo gare shi: cuta ce, ɓacin rai ne kuma.

Wajen hali ma haka. He has a heart na nufin mai tausayi ne. In aka ce wane yana da zuciya, mai saurin fushi ake nufi, ko wanda ba ya ɗaukar raini. To lose heart dai ya zo kusa da karayar zuciya.

Lakoff da Johnson (1980) sun nuna cewa daga jiki ɗan Adam ke aro siffofin tunaninsa. Mun yarda, amma kowane harshe da gaɓar da ya ɗora wa aikin. Bahaushe ya ajiye murna da ɓacin rai a ciki: farin ciki, baƙin ciki. Abin da Ingilishi ke haddacewa by heart, Faransanci par cœur, almajirin Damagaram da ka yake kawo shi.