Yadda Rana Ke Cika Batirin Mota

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗaukar buhun masara daga Matazu zuwa kasuwa ya zama abin da iyayenmu ke lissafawa tun kafin girbi. Shi ya sa in an ambaci motar da ba ta shan mai, kowa sai ya kasa kunne. Ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilu na 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. To, yaya abin yake aiki?

Farantin sola ƙananan ɓallaye ne na silikon, wanda ake tacewa daga yashi. Kowane ɓalli hawa biyu ne, an sa wa na sama ɗan fosfuras, na ƙasa kuwa ɗan boron. In haske ya faɗa masa, sai ya tunkuɗo ƙwayoyin lantarki daga mazauninsu, mahaɗar hawa biyun kuma ta kora su gefe guda, su bi waya. Ɓalli ɗaya wajen rabin bolt kawai yake bayarwa, don haka ake jera su da yawa. Mu lura, haske faranti yake so, ba zafi ba. Tsananin zafin bazara ma rage masa ƙarfi yake yi.

Wutar da ta fito hanya guda take bi, irin ta batirin tocila. Takan fara shiga na'urar da ke daidaita ta, domin rana ba kullum take da ƙarfi ɗaya ba. Daga nan a tara ta cikin baturan tasha saboda dare, ko inbata ta mai da ita mai kai-da-komo irin ta Nepa. Cajar da ke cikin motar kuma ta sake mai da ita mai hanya guda, don ita kaɗai batir yake karɓa. Kowane juyi akwai 'yar hasara. Cikin batirin, wutar tana tura ƙwayoyin litiyam daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai ɗura ruwa a tankin sama. In direba ya taka, sai su gangaro, injin lantarki ya juya ƙafafu.

Sau da yawa mukan ji ana cewa, me zai hana a ɗora faranti bisa rufin mota a yi ta tafiya? Mu yi lissafi. Faranti mai wat 400, in ya sami awa biyar na cikakkiyar rana, zai tara awar-kilowat 2. Batirin Hyundai Kona, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020, yana cin 64. Ke nan faranti 32 ake bukata a cika shi a yini guda, ban da hasara, alhali rufin motar da ƙyar zai ɗauki biyu. A ganinmu, a ƙasa irin tamu Keke Napep da babur za su riga babbar mota cin moriyar rana, tunda batirinsu ƙarami ne, rumfa guda ta faranti ta ishe su. Sai dai da hunturu, in hazo ya sauka, dole a sami mai goge ƙura kowace safiya.