Me Ya Sa Tsofaffin Sinawa a Amurka Ke Ɓoye Cin Zarafi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk mutum 6 masu shekara 60 zuwa sama, ana cin zarafin 1. Tsakanin Sinawan birnin Shikago na Amurka, abin yakan ɓuya cikin gida. Dattijon da ɗansa ya kawo Amurka, ga shi ba ya jin Turanci, yana ganin kai ƙarar ɗan da ke cinye masa kuɗi tonon asirin zuri'a ne, kuma yana tsoron a bar shi shi kaɗai.

Don haka taimakon da ke aiki shi ne ma'aikaci mai jin harshen Sinanci na Kantonis ko Mandarin, ya ziyarci dattijon, ya saurare shi a keɓe. Kada a taɓa sa ɗan gidan ya yi tafinta.