Lome: Me zai canza a Zongo idan aka ba masu farmasi izinin yin allurar rigakafi?

Abin da aka saba a Lome shi ne, idan babban mutum yana buƙatar allurar rigakafin da ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi wa yara kyauta, sai likita ya rubuta masa takarda, ya je farmasi ya saya, a ɗaure masa ita da ƙanƙara, ya hau zemijan zuwa asibiti domin nas ya yi masa. Zirga-zirga uku ke nan a kan allura ɗaya. Idan kuma irin wadda ake maimaitawa ce, sai a sake wannan ɗawainiya daga farko. Shi ya sa tambayar da wasu ƙasashe suka riga suka amsa ta shafi Togo: tun da maganin yana cikin firijin farmasi, me zai hana a yi allurar a nan take?

Tambayar ta fi nauyi a Zongo. A 1977 ne hukumomi suka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni, aka mayar da jama'arsa arewa, wajen Togblékopé, a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. Mazauna unguwar galibi 'yan kasuwa ne, da dillalan dabbobi, da direbobin manyan motocin da ke jiran lodi a Terminal du Sahel. Wanda abincinsa ke bakin kasuwa ba ya iya ba da safiya guda yana bin layi, kuma da safe ake yin rigakafi a cibiyoyin lafiya. Farmasi kuwa tana buɗe har dare, sannan kowane mako akwai waɗanda ke gadi.

Ba yara ne za su fi amfana ba. Su suna da shirin gwamnati da ake kira PEV, wanda ke yi musu allura kyauta tun daga haihuwa. Giɓin yana wajen manya. Misali mafi girma shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, yana kuma iya zama cikin jiki shekaru ba alama kafin ya lalata hanta. A 2008 Togo ta shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai, wato duk wanda aka haifa kafin lokacin bai samu ta wannan hanya ba. Babba yana buƙatar allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Da yawa suna yin ta farko su watsar da sauran, ba don ƙi ba, don dai hanyar ta yi tsawo. Direban da ya dawo daga Wagadugu da daddare ya fi sauƙin tsayawa a farmasin bakin hanya fiye da komawa asibiti washegari.

Akwai kuma allurar matafiya. Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidar rigakafin sanƙarau, Togo ma tana neman katin rigakafin shawara ga mai shigowa. Sai dai ta shawara tana da nata sharaɗi: ƙa'idar lafiya ta duniya ta ce cibiyar da hukuma ta amince da ita ce kaɗai ke ba da katin nan mai ruwan ɗorawa. Ko da an faɗaɗa izinin, da wuya wannan ta koma kowace farmasi.

Faransa, wadda tsarin farmasin Togo ya yi kama da nata, ba rana ɗaya ta buɗe ƙofar ba. A 2017 ta gwada da allurar mura a yankuna biyu, Auvergne-Rhône-Alpes da Nouvelle-Aquitaine. A 2019 aka game ƙasar baki ɗaya, a 2021 aka ƙara da ta korona. Sai a watan Agustan 2023 doka ta ba masu farmasin da suka samu horo damar rubutawa da kuma yin alluran da ke cikin jadawalin ƙasa ga mai shekara 11 zuwa sama. Shekara shida ana tafiya a hankali, ƙananan yara kuma aka bar su a hannun likitoci da ungozomomi. A Amurka, tun 2009 duk jihohi 50 suka yarda da haka.

Amma Zongo ba Faransa ba ce, kuma a nan ne taka-tsantsan ya zama dole. A bakin talaka, "mai magani" yana nufin wanda ya yi shekaru a jami'a yana da rajista da ƙungiyar masu farmasi ta ƙasa, yana kuma nufin mai tire a bakin tasha. Idan labari ya bazu cewa masu magani sun samu izinin allura, ba tare da alamar da kowa zai gane ba, to an buɗe wa 'yan jabu kasuwa. Wannan ba zato ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015, ta sake yi a 2019, kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar, ƙasar da mutanen Zongo ke kai da kawowa kullum. A Lome ɗin nan ne ma, a watan Janairun 2020, wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da jabun magunguna.

Sauran sharuɗɗan na aiki ne. Yawancin alluran rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, don haka farmasin da wuta ke ɗauke mata sai ta tanadi janareto da ma'aunin zafi. Ta wannan fuska, yin allurar a wurin ya ma fi ɗaukarta cikin leda a tsakar rana. Ana buƙatar ɗaki keɓantacce, musamman saboda mata, waɗanda da yawansu ba za su buɗe kafaɗa a gaban masu saye ba. Dole mai farmasi ya iya gane wanda jikinsa ya ƙi allura nan take, ya ajiye adirenalin, ya kuma zaunar da mutum kamar minti 15 kafin ya sallame shi. Kowace allura ta shiga kati da rajistar ma'aikatar lafiya, in ba haka ba a rasa sanin wa ya yi, wa ya rage.

Duk wannan sai an taɓa doka, domin kundin lafiya na 2009 ne ke tsara ayyukan ma'aikatan lafiya a Togo, kuma ba lalle ba ne nas-nas da likitoci su yi maraba da raba aikin. Sai batun kuɗi. Farmasi wurin ciniki ne, za ta so ladan allurar a kan kuɗin maganin. Inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, ta fara aiki a Janairun 2024 a hannun INAM da CNSS. Idan ba a sa ladan cikin abin da inshorar ke biya ba, ko a ƙayyade masa farashi, mai shago a Zongo zai samu sauƙi, amma yaron shagonsa da ɗan dako za su ci gaba da tsayawa a allura ta farko.