Nneka Ogwumike: Yarinyar Da Ta Riƙi Littafi Da Ƙwallo Har Ta Kai Gaci

 A filinmu na wannan mako mun kawo muku labarin wata baiwar Allah wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, amma a ƙasar Amurka aka haife ta, kuma a can ta yi suna wajen wasan ƙwallon kwando. Sunanta Nnemkadi Ogwumike, amma an fi saninta da Nneka, wanda a harshen Ibo ke nufin uwa ta fi kome.

Ga wadda ba ta san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane gefe na da 'yan wasa biyar a fili, da hannu ake yi ba da ƙafa ba, kuma abin da ake so shi ne a jefa ƙwallo cikin wani kwando da aka rataya a bisa, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa. Jifa daga kusa maki biyu ne, daga nesa uku, jifan tara kuwa maki ɗaya.

An haifi Nneka ran 2 ga watan Yuli, 1990, a garin Tomball cikin jihar Texas. Ita ce babba a cikin 'ya'ya huɗu, dukansu mata: ita, da Chiney, da Olivia, da Erica. Mahaifiyarsu ma'aikaciyar ilimi ce, saboda haka a gidan karatu ne gaba, wasa na biye. Da farko ma ba ƙwallon kwando ta soma ba, wasan tsalle-tsalle da alkafura take yi. Da tsawo ya zo mata ya hana ta jin daɗin wannan, sai aka juya ta wajen ƙwallon kwando, inda tsawo ke da amfani. Daga baya ta kai ƙafa 6 da inci 2.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 2008, shekararta ta ƙarshe a makarantar sakandare ta Cy-Fair, ita da ƙanwarta Chiney suka taimaka wa makarantar ta ci kofin jihar Texas, aka kuma zaɓi Nneka a kan ita ce gwanar 'yan matan sakandare ta Amurka baki ɗaya.

To, a nan ya kamata 'yan makaranta su buɗe kunne. A Amurka, hanyar zama ƙwararriyar 'yar ƙwallon kwando ta cikin jami'a ta bi. Tun 1972 aka yi wata doka a can wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da wajen wasanni. Wannan ne ya sa jami'o'i suka shiga ɗaukar nauyin karatun 'yan mata masu iya wasa. Amma fa da sharaɗi: wadda ta faɗi a aji ba za a bar ta ta shiga fili ba. Watau ƙwallo na biya mata kuɗin makaranta, littafi kuma shi ke riƙe mata da ƙwallon.

Nneka ta zaɓi Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya, wadda ba a shigarta sai da ƙwaƙwalwa. Ta zauna a can daga 2008 zuwa 2012, a hannun wata shahararriyar mai koyar da wasa, Tara VanDerveer. A cikin shekarun nan huɗu, babu shekarar da Stanford ba ta shiga cikin jami'o'i huɗu na ƙarshe ba a gasar ƙasa. A 2010 Nneka ita kaɗai ta ci maki 38 a wasan kusa da na ƙarshe da Jami'ar Oklahoma, sa'an nan suka je wasan ƙarshe Jami'ar Connecticut ta cinye su da 53 da 47. A watan Disamba na wannan shekara suka rama, don kuwa su ne suka tsai da Connecticut bayan ta yi wasa 90 a jere ba wanda ya ka da ita.

Duk da haka, sau huɗu tana isa bakin kofi, sau huɗu tana komawa gida hannu wofi. Wata da sai ta karaya. Ita kuwa ta fita da maki fiye da 2,400 da ta ci wa jami'arta, da kuma abin da ya fi wannan daɗewa, watau digiri a ilimin halayyar ɗan Adam.

Gasar ƙwararru ta mata a Amurka, wadda ake kira WNBA, an soma ta a 1997. Kowace shekara ƙungiyoyi kan taru su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma ƙungiyoyin da suka yi rauni a bara su ake ba damar fara zaɓe. A 2012 ƙungiyoyi 12 ne, mata 36 kacal aka ɗauka daga cikin dubbai. Ƙungiyar Los Angeles Sparks ce ke da zaɓen farko, ba ta kuwa yi wata-wata ba ta kira sunan Nneka. A ƙarshen shekara aka ba ta lambar gwanar sababbin shiga. Shekara biyu bayan haka, a 2014, ƙungiyar Connecticut Sun ta ɗauki Chiney, ita ma a zaɓen farko, ita ma ta ci wannan lamba. 'Ya'ya biyu ciki ɗaya ke nan.

Shekarar da ba za a manta ba ita ce 2016. A cikin kowane jifa uku da Nneka ta yi, kusan biyu sun shiga kwando, har akwai lokacin da ta yi jifa 23 a jere ba ta kuskure ko ɗaya ba. Aka zaɓe ta gwanar gwanaye ta gasar. Ran 20 ga Oktoba, a wasa na biyar kuma na ƙarshe da ƙungiyar Minnesota Lynx, ana gaban Sparks da maki ɗaya, lokaci na shirin ƙarewa. Nneka ta cafe ƙwallo ta jefa, aka tare, ta sake cafewa tana faɗuwa da baya ta sake jefawa, ya shiga, saura daƙiƙa uku da 'yan kai. Aka tashi 77 da 76. Kofin da ya ƙi ta a jami'a ya zo hannu, kuma rabon Sparks da shi tun 2002.

Amma kada 'yan'uwa su zaci duk daɗi ne. Gasar mata 'yan watanni ake yi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, albashin kuwa bai kama ƙafar na maza ba. Don haka a wancan lokaci da an tashi, maimakon hutu, sai da yawa daga cikinsu su ɗauki jaka su tafi ƙasashen waje neman ƙari. Nneka ta yi wasa a Poland, ta kuma yi shekaru a ƙungiyar Dynamo Kursk ta Rasha, inda suka ci kofin Turai a 2017. Jiki da jini ne, ba hutu rani da damina, ga kewar gida, ga tsoron rauni.

Wannan ne ya kai ta ga aikin da matan aure za su fi gane darajarsa. A 2016 'yan wasa suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu ta ma'aikata. Ita ta ja gaba wajen ciniki da masu gasar har aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a watan Janairu na 2020. Albashi mafi tsoka ya tashi daga dala 117,500 zuwa 215,000 a shekara. Daɗin daɗawa, 'yar wasan da ta tafi hutun haihuwa aka yarda a biya ta albashinta cif, a ba mai goyo dala 5,000 a shekara don reno, da gida mai ɗaki biyu. Kafin wannan, rabin albashi ne rabon mai ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kowace ta tafi ita kaɗai, da ba a samu ba.

Akwai kuma inda ƙaya ta soke ta. Ta ci wa Amurka kofin duniya sau biyu, a 2014 da 2018, amma da aka zo zaɓen masu zuwa wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, sai aka bar ta a baya, kamar yadda aka yi mata a 2016. Ta nemi ta yi wa Nijeriya, ƙasar iyayenta, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ƙi, ta ce ta daɗe tana wa Amurka wasa. Ƙanwarta Erica, wadda ta kama karatun likita, ita ce ta sa rigar Nijeriya a Tokyo. Nneka ta haɗiye, ta ci gaba da aikinta, a 2024 ta koma ƙungiyar Seattle Storm bayan shekara 12 a Los Angeles.

Kada kuma a ce abin sai a Amurka. Ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik na Faris a 2024, a hannun mai koyarwa mace, Rena Wakama, ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba, ko ta maza ko ta mata.

To, iyaye mata, in Allah ya ba 'yarku wata baiwa, ko ta gudu ce, ko ta lissafi, ko ta ɗinki, a duba ta da idon basira, a tsare mutuncinta, a kuma tsaya a kan karatunta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma 'yan makaranta, ku lura Nneka ba ta ajiye littafi don ƙwallo ba. Ƙarfin gwiwa na da ranar ƙarewa, rauni ɗaya na iya raba mutum da fili, amma abin da aka zuba a ka yana nan har tsufa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Allah ya shirya mana zuriya, amin.